Sabuwa Ko Ta Hannu? Shawara Ga 'Yar'uwar Da Ke Shirin Sayen Motar Farko

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobi ta gabatar a taron cikar ƙungiya shekara goma da kafuwa

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya ƙara mana haɗin kai, Ya sa albarka a cikin neman da muke yi.

Da aka ce ni zan yi magana a kan sayen mota, sai da na yi dariya. Na ce wa Hajiya shugaba, ai akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a kan sitiyari. Ta ce da gangan aka zaɓe ni, don a cikinmu babu wadda mota ta koya wa hankali kamar ni. Gaskiyarta ne. Ma'aji kuma ta shaida mini cewa cikin masu neman rance bana akwai 'yan'uwa da dama da mota suke son saya, kuma yawancinsu yanzu suke koyon tuƙi. To, da su nake magana, sauran kuma a taya mu saurare.

Kun san sana'ata man gyaɗa da ƙuliƙuli ce. Kullum ina hanyar Dawanau sayen gyaɗa, ga kai wa masu shaguna kaya, ga yara biyar da za a kai boko da safe, Islamiyya da yamma. Da na lissafa abin da nake ba masu adaidaita sahu a wata, sai na ga gara in koyi tuƙi. Na koya a 2021, ina da shekara 43. Na haɗa kwasar adashina da rancen da ƙungiya ta ba ni, na ce sai mota.

Wani dillali ya kawo mana ita ƙofar gida bayan magariba. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, ciki sai ƙamshin turare. Ya ce 'yar Kwatano ce, ba a taɓa hawanta a ƙasar nan ba, kuma akwai wani Alhaji da zai biya gobe da safe idan mun yi sanya. Maigidana ya zagaya ta sau biyu, ya tayar da ita, ya ce injin lafiya. Ni kuwa launin kawai nake kallo. Washegari na biya, har da la'ada, ban rage ko sisi ba.

Sati uku muka yi muna daɗi. Daga nan gilashin ƙofa ya ƙi sauka, fitilu suka fara kunna kansu, wata rana kuma ta mutu mini a tsakiyar titi da rana tsaka, yara na ciki, masu hon na bayana. Mai gyaran wayarin da muka kira ya ɗaga kafet ɗin ƙasa, ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Busasshen taɓo ne da tsatsa har ƙarƙashin kujeru. Ashe motar ambaliya ta cinye a can inda ta fito, aka wanke ta aka turo mana. Turaren nan da na ji, warin ruma aka rufe da shi. Muka canza ƙwaƙwalwar mota, muka canza wayoyi, yau wannan gobe wancan, har na taɓa jarin gyaɗata. Wata goma sha takwas ina biyan ƙungiya rance, motar tana ajiye a gindin darbejiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Daga ƙarshe na sayar da ita a kan abin da bai kai rabin kuɗina ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki.

Bayan wannan sai na rantse ba ni ba motar hannu, sai sabuwa cikin leda. Na je na tambayi kuɗi, na dawo jikina a sanyaye. Amma bari in yi wa sabuwa adalci, don tana da abin da ta hannu ba ta da shi. Ba ta da ɓoyayyen tarihi, ke ce farkon mai ita. Kamfani yana ba da garanti, yawanci shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, idan abu ya lalace ba da laifinki ba su za su gyara. Shekarun farko ba ki da aiki sai canjin baƙin mai da ɗan abin da ba a rasa ba. Sai dai garantin nan da sharaɗi, a wurinsu za ki riƙa yin sabis, kuma kuɗinsu ba irin na bakaniken unguwa ba ne. Sannan tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, kuɗin sabuwar mota ko ƙarama ce ya kai na gida a wasu unguwannin. Iyayenmu sun sayi Fijo sabuwa daga Kaduna, inda aka fara harhaɗa ta a 1975, ma'aikacin gwamnati ma yana iya mallaka da rancen ofis. Wannan zamani ya wuce.

Na san wata za ta ce, ai mota a ƙasar nan ba ta faɗuwa, wance ta sayi tata miliyan biyu ta sayar miliyan biyar. Hajiya, naira ce ta faɗi. Ki tambaye ta ko miliyan biyar ɗin ta sayo mata irin motar da ta sayar. Mota kullum tsufa take yi, kuma sabuwa ta fi saurin zubar da daraja a shekarunta na farko. Gyaɗa idan na saya juyawa take ta dawo da riba. Mota kuwa baki gare ta, kullum sai ta ci.

Ga kuma abin da ya shafe mu mu sababbin hannu. Duk wadda ta koyi tuƙi a cikinku ta san shekarar farko sai an goga. Ni ƙofar gidanmu kaɗai sau uku na kankare ta da bamba, ban da madubin da mai babur ya tafi da shi a Ƙofar Nassarawa. Idan motar hannu ce, ki kai wa mai gyaran jiki ya buga ya shafa fenti, a wuce wurin. Idan sabuwa ce ta miliyoyi, ranar ko tuwo ba za ki iya ci ba, kuma tsoron gogewar ma kan sa hannu rawa. Shi ya sa shawarata ga mai koyo ita ce ta fara da ta hannu mai lafiya, ta yi shekara biyu ko uku hannunta ya faɗa. Wadda Allah Ya hore wa, za ta iya biyan sabuwa ba tare da ta taɓa jari ko kuɗin makarantar yara ba, to ta saya, Allah Ya sa alheri. Akwai kuma bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna sayen mota su sayar miki da riba sananniya ki biya a hankali. Kafin ki sa hannu, ki tabbata biyan wata-wata zai fito daga ribar sana'arki ko da a watan da kasuwa ta yi sanyi.

To, idan ta hannun ce, yaya za a yi kada a maimaita irin tawa? Ta hannu iri biyu ce. Akwai wadda aka shigo da ita daga waje, wadda muke kira 'yar Kwatano ko tokumbo, akwai kuma wadda aka hau a nan gida. Mutane sun fi ɗaukaka ta waje, amma motata ta biyu, wadda nake hawa yanzu shekara ta uku, daga hannun wani malamin makaranta mai ritaya na saye ta. Tsohuwar Corolla ce, fentinta ya koɗe, amma ya ba ni ita da littafin da yake rubuta duk ranar da ya canza baƙin mai. Sanin wanda ya riƙe mota ya fi sheƙinta amfani.

Kada ki duba mota da daddare, kada kuma ki yarda da "wani zai biya gobe". Idan ya biya, ba rabonki ba ce. Ki je da bakanikenki, wanda ke kika biya shi kuɗin dubawa, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya tayar da ita da safe injin na sanyi, ya duba hayaƙin salansa, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko ya yi fari kamar madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Ya sa mata kwamfuta. Ya ɗaga kafet, ya leƙa inda ake ajiye safayar taya, a nan taɓon ambaliya yake ɓuya. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila motar ta taɓa haɗari an cire ƙwan don a rufe. A hau ta a yi tafiya mai ɗan nisa, a ji yadda giya ke shiga da yadda birki ke kamawa.

Lambar tafiyar da ke gaban direba kada ta ruɗe ki, ana mayar da ita baya. Motar Amurka ma da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, wato 100,000 ɗin da kika gani 160,000 ce. Kowace mota tana da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ki tabbata ita ce a kan takardu. Idan daga Amurka ta zo, yaronki ma zai iya sa lambar a intanet, a biya ɗan kuɗi a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya. Da na san wannan a 2021, da ban yi asara ba.

Sai takardun kwastan. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Saboda haka duk wanda ya ce miki 'yar Kwatano ce, ki nemi takardar biyan kuɗin kwastan, a je ofishinsu a tantance kafin ki biya. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ana iya ƙwace ta a hanya, kina ji kina gani, kuma dillali ba zai ɗaga wayarki ba.

Ki zaɓi irin da kayan gyaranta ke ko'ina. Kafin in sayi tawa sai da na aika ɗana Ƙofar Ruwa ya tambayo kuɗin fitila, da lagireto, da famfon mai na motoci uku da nake tunani. A nan na gane wata arha ce wajen saye, amma fitilarta ɗaya ta yi kuɗin buhun gyaɗa biyu. Ki duba shan mai kuma. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kun san inda ta kai daga baya. Babbar mota mai silinda shida tana da daɗin biki, amma ƙarama mai huɗu ita ce ta kai yara makaranta kullum. Mai koyo kuma, a cunkoson Kano, otomatik ta fi mata sauƙi.

Kuskurena mafi girma shi ne na zuba duk abin da ke hannuna a kan saye. Yanzu abin da nake faɗa wa kowa, idan goma gare ki, ki nemi motar bakwai. Ukun nan suna da aiki. Za ki canza baƙin mai da birki, wataƙila da batir. Za ki duba tayoyi, a jikin kowace akwai lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana cewa taya shekara huɗu ce rayuwarta. Ga rajista da lamba. Ga inshora, wadda tun Janairun 2023 mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar da kika yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Mai koyo ta fi kowa buƙatarta, don haka ki yi ta gaske a kamfanin inshora, ba takardar bakin titi ba.

Lasisi ma haka. Kada ki ba wani kuɗi ya kawo miki shi har ɗaki. Ki shiga makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, ki liƙa alamar L ba tare da jin kunya ba, ki yi gwaji, a ɗauki hotonki da zanen yatsunki. 'Ya'yanki za ki ɗauka a motar nan. Waɗanda ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya, kowa ya ɗaura bel, ke ma ki ɗaura a kan hijabinki.

Abu na ƙarshe, kuma iyayena ku gafarce ni, sai na faɗa. Idan kuɗinki ne, takardun mota su fito da sunanki. Wannan ba rashin yarda da maigida ba ne, ni ma nawa shi ya raka ni ofishin. Amma mun gani a cikin ƙungiyar nan, 'yar'uwa ta biya rance da guminta, mijinta ya rasu, mota ta shiga cikin kayan gado saboda sunansa ne a takarda, ba ta da shaida. Ki karɓi rasit, a rubuta yarjejeniyar ciniki, shaidu biyu su sa hannu, ki adana kwafi a wani wurin daban.

Ina roƙon kwamitin rance, idan zai yiwu, duk wadda ta nemi kuɗin mota a ce ta kawo rahoton bakanike da kwafin takardu kafin a saki kuɗi. Da an yi mini haka, da na ji haushi a lokacin, amma da jarina bai taɓu ba. Wadda kuma take son rakiya ranar dubawa, ta same ni bayan taro, ni da bakanikena za mu je, kuɗin mai kawai za ta zuba.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya kai mu shekara ashirin lafiya.