Matse Hotunan Asibiti da Aika su ta Wayar Fayiba



Bari mu fara da lissafi. Yanka ɗaya na hoton CT yana da ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, nauyinsa kusan rabin megabayit. Idan binciken majiyyaci ɗaya ya kai yanka 1,000, an tara wajen megabayit 500 ke nan. A layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, aika shi zai ci kusan minti 7. A wayar fayiba mai gudun gigabit 1, daƙiƙa 4 sun isa. Ga wanda jini ke zuba a ƙwaƙwalwarsa, yana jiran likitan hoto da ke asibitin koyarwa a Kano ko Zariya ya duba, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Ra'ayin wannan takarda shi ne, tunda fayiba ta rage matsalar jira, babu sauran uzurin lalata hoto don neman sauri.

Matsewa iri biyu ce, kuma tsarin DICOM, wanda asibitoci ke musayar hotuna da shi tun 1993, ya karɓi dukkansu. Akwai wadda ba ta zubar da komai: hoton yakan ragu zuwa rabi ko kashi ɗaya cikin uku, in an buɗe shi ya dawo yadda yake. Akwai kuma mai zubarwa, irin ta JPEG da muka saba da ita a waya, wadda ke rage nauyi ninki goma ko fiye, amma abin da ta zubar ya tafi har abada. Masu goyon bayanta sukan ce ido ba ya ganin bambancin, kuma a hotuna da yawa gaskiyarsu ne. Sai dai a hoton nono, alamar farko ta cutar daji kan zama ƴan ɗigon alli da ba su kai ƙwayar gero ba, irin abin da matsewa ke fara sharewa. Shi ya sa hukumar FDA ta Amurka ba ta yarda a yanke hukunci a kan irin wannan hoto da kwafin da aka matse ta wannan hanya ba.

Wasu kuma za su ce, to a bar matsewa gaba ɗaya mana. Wannan ma kuskure ne. Hotuna na shekara da shekaru a ma'ajiya, kuma wurin ajiya kuɗi ne. Fayiba ma takan katse: a watan Maris na 2024, yankewar wayoyin ƙarƙashin teku ta durƙusar da intanet a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A irin wannan rana, hoton da ya ragu da rabi shi ke samun wucewa ta ƙaramin layin da ya rage.

Don haka ina kira ga masu tsara na'urorin asibitocinmu da su mayar da matsewa marar zubarwa ƙa'ida a duk hoton da za a yanke hukuncin magani da shi, a bar ɗayar don koyarwa da leƙen farko.