Ranar Tsofaffin Soji: Mu Je, Kuma Mu Tafi Da Yara

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya yi a taron bayan girbi, ƙofar gidan maigari. An buga shi domin ƴan uwa da ba su samu zuwa ba.

Ranka ya daɗe maigari, Allah gafarta malam liman, iyayenmu dattawa maza da mata, ƴan uwa da suka zo daga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da waɗanda takardar nan za ta iske a Kano ko Kwatano ko Abijan, ina gaishe ku duka. Mun gode Allah da ya nuna mana ƙarshen damina lafiya.

Biro na ƙungiya ya ce in yi magana bisa ranar tsofaffin soji, waɗanda muke ce ma ansiyan kwambata. Ban fi kowa sani ba. An zaɓe ni don ni jikan soja ne, kuma ni na yi ƙorafi bara, da muka tafi birni wajen taron muka iske mu tara ne rak daga garin nan, babu yaro ko ɗaya cikinmu. Wanda ya yi ƙorafi kuwa shi ake aza ma kaya.

Sa'ad da nike yaro, ran 11 ga watan Nuwamba ba a tashe ni, ni ke tashi da kaina. Tun da asuba kakana zai jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fid da jar hularshi da lambobinshi, ya goge su da toka, ya maƙala su bisa babbar riga. Ya hau jaki, ni ina baya. In mun isa sai mu tarda abokanshi sun jeru gaban tuta, wani da sanda, wani hannu ɗaya. A busa begila, kowa ya yi tsit, a kira sunayen matattu. Abin da na fi so shi ne bayan an watse. Tsofaffin su zauna gindin icce, a kawo goro da shayi, su yi ta faransancinsu na bariki suna dariya, can kuma sai ka ga ɗaya ya yi shiru yana share ido. Nan na fara jin sunan Dakar da Marsai. Nan na ji labarin jirgin ruwa da amai, da sanyin da ke cinye yatsun ƙafa cikin takalmi mutum bai sani ba sai an kwance. Ba wanda ya zaunad da ni ya ce ga darasi. An dai tafi da ni, na gani, na ji.

Ƙila cikin samari akwai wanda bai san dalilin ranar ba. Ran 11 ga Nuwamba 1918, da ƙarfe 11 na safe, aka tsai da wutar yaƙin duniya na farko, wanda aka soma a 1914. A yaƙin nan Faransa ta ɗebi kusan mutum 200,000 daga ƙasashen Afirka ta yamma da ke hannunta, wajen 30,000 ba su komo ba. Duk ana ce masu tirayer na Senegal, ko da mutum Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bambara, don a Senegal aka kafa rundunar a 1857. Dattawa sun san yadda ake ɗibar. Kumandan ya aika ma sarki adadi, sarki ya raba ma masu gari, maigari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya mashi. Maraya da ɗan talaka da bara su ne kan gaba. Wasu suka tsallake iyaka suka shiga ƙasar Ingilishi, har yau zuriyarsu na can. Ranka ya daɗe, ba kakanninka nike zargi ba, su ma bulala ce bisa kansu.

Yaƙi na biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ne na kakana. A watan Yuni 1940, a wani ƙauye Shasale kusa da birnin Liyon, sojan Jamus suka kama tirayer, suka ware baƙaƙe daga farare, suka harbe baƙaƙen. Maƙabartarsu na nan, an kewaye ta da jan gini irin na ƙasashenmu, ana ce mata Tata. Ran 15 ga Agusta 1944 sojan Afirka na cikin waɗanda suka sauka gaɓar teku a kudancin Faransa, suka taimaka aka ƙwato Tulon da Marsai. Da hunturu ya matso aka janye su, aka ba fararen samari kayansu da makamansu, su suka ƙarasa da nasarar.

Sai maganar Caroy, wadda tsofaffi ba su yin ta sai sun rage murya. Barikin soja ne kusa da Dakar. Tirayer da suka yi shekaru a kurkukun Jamus aka komo da su nan, suka ce a biya su kuɗinsu da aka riƙe kafin kowa ya nufi garinsu. Ran 1 ga Disamba 1944 da safe aka buɗe masu wuta. Hukumar lokacin ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaban Faransa Hollande ya ce aƙalla 70 ne, masu binciken tarihi kuwa wasunsu na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaba Macron ya rubuta da hannunshi cewa kisan gilla ne. Waɗanda suka tsira suka komo gida, su ma ba a bar su ba. A ƙarshen 1959 aka yi doka ta daskarad da pansiyonsu, na abokansu farare na ƙaruwa, nasu na tsaye wuri guda. Ba a daidaita shi duka ba sai 2011, lokacin mafi yawansu na kabari. Kakana ya rasu yana karɓar abin da bai isa buhun hatsi biyu ba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ɗana na fari, da na ce ya raka ni bara, ya ce: “Baba, waɗannan ba sojan anasara ba ne? Mi ya sa za mu je mu tsaya masu?” Raina ya ɓaci, amma da na kwana na ga yaron bai yi ƙarya ba, kuma na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Gaskiya ne da tirayer aka ci ƙasar nan. Ayarin Bule da Shanuwan na 1899, wanda ya ƙone Birnin Ƙonni, ya yaƙi Sarauniya a Lugu, baƙaƙen soji ne suka fi yawa cikinshi. Gaskiya ne kuma an kai namu Indoshin daga 1946 zuwa 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962, su yaƙi mutanen da ke neman ƴancinsu. Kada mu ɓoye ma yara wannan. In mun ɓoye, za su ji a waje, su daina yarda da sauran abin da muka faɗa masu.

Amma a faɗa masu duka. A faɗa masu cewa Bule da Shanuwan ɗin, tirayer nasu ne suka harbe su a ƙasar Tasawa, wajen Maijirgi. A faɗa masu yaron da aka ɗaure ma igiya aka kai bariki ba shi ya zaɓi yaƙin ba. A faɗa masu sojan ƙasarmu, da aka kafa a 1961, da waɗannan da suka komo aka aza harsashinshi; shi kanshi Seyni Kunce, da ya riƙe ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, ya yi Indoshin da Aljeriya cikin kakin Faransa. Ni in na tsaya ran 11 ga Nuwamba, ba Faransa nike tsaya ma ba. Ina tsaya ma kakana ne, da ƙanen kakarku, da wancan maraya da aka tafi da shi ba a sake jin labarinshi ba, ba a yi mashi wanka ba, ba a yi mashi salla ba, ba wanda ya san gabas ɗin kabarinshi. In mu ba mu roƙa mashi gafara ba, wa zai roƙa?

Na ji wasu na cewa tun da sojan Faransa sun fita ƙasar nan a Disamba 2023, ranar ma ta bi su. Ni ban yarda ba. Sun tafi da motocinsu, ba su tafi da matattunmu ba. Kuma ba a daina mutuwa ba. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, sojanmu 71 suka faɗi. Wata guda bayan nan, ran 9 ga Janairu 2020, a Shinagodar, 89. Ga na Boso da sauran ƙasar Difa tun 2015. Waɗannan tutar Nijar suka mutu a ƙarƙashinta, kuma ƴaƴansu na nan cikin lakwal tare da namu. Ranar da muka gada ta isa ta ɗauke su su ma.

Kada a manta da mata. Kakata shekara shida ta yi ba wasiƙa ba saƙo. Danginta suka matsa ta yi aure, ta ƙi. Wata maƙwabciyarta ta yarda, an ce mata mijin ya mutu, sai ga shi ya komo ya tarda ta da goyon wani. Iyayenmu mata da ke zaune can baya sun fi ni sanin irin waɗannan labarai, kuma ba a taɓa tambayarsu ba. Ran taro a shimfiɗa masu tabarma a gaba.

Akwai abin da ke ba ni kunya, zan faɗe shi don kada ya samu wani. Ɗan littafin soja na kakana, mai lambarshi da sunayen wuraren da aka kai shi, mun bar shi cikin akwati a ɗakin da ba a kwana. Da na buɗe bayan shekaru, gara ta gama da shi, sai bango. Lambobin kuwa, ɗaya yara sun yi wasa da ita ta ɓace, ɗaya wani ɗan uwa ya sayar ma masu yawon sayen tsofaffin kaya. Yau in jikana ya tambaye ni, sai abin da na riƙe a ka. Na tabbata akwai gidaje a garin nan da takardunsu ke nan lafiya. Ku duba yau, kada ku bari sai gobe.

Ga abin da biro ya tsara. Ranar ta faɗo daidai, an gama girbi, ƴan ci-rani ba su watse ba tukuna. Wanda ya yi niyyar tafiya farkon Nuwamba ya daure ya ƙara kwana kaɗan. Da safe, in hukuma ta yi taro a birni, za mu ɗauki mota guda, kuma duk babban da zai shiga ya riƙo hannun yaro, namiji ko mace. Ko an yi a birni ko ba a yi ba, bayan la'asar mu taru nan ƙofar maigari. Malam liman zai yi addu'a. Sa'an nan a kira sunaye, na da da na yanzu, kuma yara za su kira su, kowane suna a bakin jika ko tattaɓa-kunnen mai shi. Wanda ba shi da zuriya, mushe na lakwal zai zaɓi yaron da zai riƙe sunanshi kowace shekara. Bayan nan dattijo ɗaya da tsohuwa ɗaya su ba da labari, ba dogo ba, gwargwadon abin da yaro ke iya ɗauka.

Sakatare ya sayi babban littafi. Kowane gida ya kawo sunan sojanshi, da sunan ubanshi, da yaƙin da ya yi, da ko ya komo ko bai komo ba. Mai takarda ko lamba ko hoto ya kawo a duba, a rubuta, a mayar mashi da abinshi nan take. Ƴan uwa na Abijan da Kwatano da Kano, ku ɗauki hoton abin da ke hannunku da waya ku aiko ma sakatare. Gudummawa dala ɗari ce ga kowane magidanci, ta goro da fura. Abin da ya saura a raba ma matan sojan da suka rasu. Ma'aji zai zauna nan bayan an tashi.

Ɗana da ya yi mani waccan tambaya ya ce bana zai zo, amma da sharaɗin a bar shi ya ba da labarin Caroy da bakinshi. Na ce sai na tambayi dattawa. To, iyayena, ga shi na tambaya.