Jawabin Sakatare: Magani Ba Ya Tambayar Takardar Asali



Ba mu manta da rikicin Wukari na 2013 da 2014 ba, wanda ya koro jama'a zuwa nan Jalingo, ga kuma waɗanda suka gudo bayan Boko Haram ta kama Mubi a Oktoban 2014. Ƙura ta lafa, amma ciwo bai warke ba: akwai masu tsohon rauni, akwai yaran da rigakafi ya wuce su.

Da yawanmu sukan ƙi zuwa asibiti ko wurin rabon magani, wai kada a ce da su baƙi. To, mu san haƙƙinmu. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asali. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 kuwa ta wajabta yi wa wanda aka harba magani, ko babu takardar 'yan sanda. Ita ma Red Cross bukata take dubawa, ba yare ba.

Saboda haka, kowace unguwa ta kawo mana sunayen majinyatanta. Wanda bai iya karatu ba za mu raka shi. Wanda aka kora ya riƙe rana da wuri, mu kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.