Kamun Kifi Da Fatsa A Bakin Ruwa

 

Yau ba maganar taki ko irin alkama na zo da ita ba. Makon jiya ina zagaya gonakin rani, sai na ga wani magidanci ya gama ban ruwan tumatirinsa, ya wanke ƙafa a bakin dam, kifi na ta tsalle a gabansa. Da ya gama sai ya hau keke ya nufi kasuwa sayen busasshen kifin miya. Na tambaye shi dalili, ya ce shi bai gaji su ba, gidansu manoma ne. Wannan amsa tasa ita ta sa na roƙi Dagaci ya tara mu.

Da, yawancin kogunanmu na ƙasar Kano ƙafewa su ke yi da rani, sai gurbi nan, gurbi can. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama ta Challawa a 1992, ƙauyuka da yawa sun wayi gari da ruwa mai kwana shekara a bayan gida. Haka mutanen Kainji tun 1968, da na Bakolori tun 1978. Ruwa ya zo, kifi ya biyo shi, amma har yanzu akwai gidajen da yara kan yi mako ba su ga nama ko kifi a miya ba. Kifi kuwa abinci ne mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake. Yaron da aka yaye da mace mai goyo su suka fi bukatarsa.

Ba cewa na ke ku bar noma ku zama masunta ba. Su da jirgi da taru da birgi sana'a ce mai zaman kanta, tana da masu ita. Abin da na ke nufi shi ne fatsa, watau sanda da zare da ƙugiya, kana tsaye a kan tudu, ƙafarka ba ta taɓa ruwa ba.

Kafin ka sayi kome, je ka gai da Sarkin Ruwa, ka gaya masa niyyarka. Shi ya san inda aka hana su da lokacin da aka hana, shi ya san gurbi mai zurfi da inda kada ke kwana. Ko a Argungu, inda a ke bikin kamun kifi tun 1934, ba kowace rana a ke barin mutane su faɗa wa Matan Fada ba, sai an ba da izini. Ka kuma tambayi ma'aikacin kifi na yankinku ko ruwan da ka ke so yana bukatar lasin.

To, kayan aiki. Sanda ta gora ce ta fi, mai tsawon kamar ƙafa goma zuwa goma sha biyu, busasshiya, mai ɗan lanƙwasa a tsini. In babu gora, gwangwala ma tana yi. Zaren nailan za ka saya wurin masu sayar da kayan su, ka yanka daidai tsawon sandar. In ya fi sanda tsawo ainun, ba za ka iya ɗaga kifi zuwa tudu ba. Kada ka ɗaure shi a tsini kaɗai. Fara ɗaurewa daga tsakiyar sanda, ka naɗo shi har tsini, ka sāke ɗaurewa, domin in babban kifi ya karya tsinin, zare yana nan hannunka.

Ƙugiya lamba-lamba ce, kuma lissafinta a juye ya ke: in lamba ta yi sama, ƙugiya ta yi ƙanƙanta. Lamba 14 ta fi lamba 8 ƙanƙanta. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi shi ne sayen babbar ƙugiya, wai don ya kama babban kifi. Ƙaramar ƙugiya tana kama babba da ƙarami, babbar kuwa ba ta shiga bakin karfasa. Sai ka wuni kifi na cinye maka abinci, kai kana zargin rashin sa'a. Sayi ƙanana da yawa da matsakaita kaɗan saboda tarwaɗa.

Ɗaurin ƙugiya a lura da shi, don nailan santsi gare shi, ƙullin da mu ke yi wa bakin buhu ba ya riƙe shi. Zura bakin zaren a idon ƙugiya, ka jawo kamar rabin taƙi. Naɗa wannan guntun a jikin dogon zaren sau biyar ko shida. Sa'an nan ka dawo da bakinsa ta ɗan ramin da ya rage kusa da idon ƙugiya, ka jiƙa da yawu, ka ja a hankali har ƙullin ya zauna. Gwada shi da ƙarfi tun kana gida.

Sama da ƙugiya da kamar taƙi ɗaya a sa ɗan abu mai nauyi don ya nutsar da ita. Masunta dalma su ke sawa. In ka sa dalma kada ka matse ta da haƙori, kada kuma ka bar yara su yi wasa da ita, guba ce. Kun ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ni dai tsohon notin keke na ke ɗaurawa, aikin ɗaya ne. Can sama kuma a ɗaura guntun busasshen karan dawa, ko guntun tsohon silifa, ya riƙa yawo a kan ruwa. Shi ne ɗan saƙonka. Da shi kuma ka ke auna zurfi: ka matsa da shi sama, ƙugiya ta yi ƙasa.

Abincin da za a sa wa ƙugiya duk yana gonarku. Tana ita ce gaba, kusan babu kifin da ke ƙinta. Da rani a same ta a gindin ayaba, da bakin rijiyar lambu, da ƙarƙashin tsohon juji mai laima. A zuba ta a gwangwani da ƙasa mai danshi, a ajiye a inuwa. Gara da fara da tsutsa suna yi. Karfasa tana cin tuwo ko ƙullin dusa da aka murza ya yi danƙo. Tarwaɗa kuwa abu mai ƙarni ta ke so, irin su hanjin kaza da guntun ƙaramin kifi. A soka tana ta rufe ƙugiya, a bar wutsiyarta tana motsi.

Yanzu ga inda maganar ta ke, watau sanin wurin da kifi ya ke. Ruwa da faɗi, amma ba ko'ina kifi ke zama ba. Kamar mu ne, inuwa ya ke nema da abinci da maɓoya. Nemi gefen ciyawar ruwa, da gindin itacen da ruwa ya cinye, da jikin duwatsu, da inda ƙorama ko magudanar gona ke zubowa cikin babban ruwa. A kogi, nemi inda ruwa ya yi kwana ya lafa. Fili fetal mai rairayi inda mata ke wanki da yara ke wanka, bar shi.

Karfasa garke ta ke yi, tana kiwo da rana kusa da ciyawa, a ruwan da bai wuce ƙugu ko ƙirji ba. In ka kama ɗaya, zauna, 'yan'uwanta suna nan. Tarwaɗa a ƙasa ta ke kiwo, cikin laka, da gashin bakin nan nata ta ke laluben abinci, don haka ruwa ko ya yi dagwalo ba ya hana ta. Daga magariba zuwa dare ta fi ci. In ita ka ke nema, sai ka saki ƙugiya ta kwanta a ƙasa. Ƙurungu ma haka. Kawara tana sama-sama, da fara a ke yaudararta. In ka ji an ja zare sau ɗaya ya tsinke kamar an sa almakashi, tsage ne, haƙora gare shi. Giwan ruwa kuwa, wanda babbansa kan fi mutum nauyi, ba na sandar gora ba ne, a bar wa masu jirgi.

Lokaci ma da nasa. Da bazara, sassafe da la'asar sakaliya su ne lokacin ci, tsakar rana kifi kan gudu zurfi. Da hunturu kuwa ruwa ya yi sanyi, kifi ba ya son ci da asuba, sai hantsi ya dubi ludayi. Wannan ya yi wa mai noman rani daidai: ka gama ban ruwa, ka ɗauki sanda.

Ga wata dabara da wani tsohon masunci ya koya mini. Zaɓi wuri ɗaya. Kwaɓa dusa da laka, ka dunƙula kamar ƙwallon fura uku ko huɗu, ka jefa a wurin kowace yamma har kwana uku, ba tare da ka sa ƙugiya ba. Laka tana nutsar da dusar, tana sakinta a hankali. Ran na huɗu ka zo da fatsa. Kifi ya riga ya saba da wurin.

In ka zauna, zauna shiru. Kifi yana jin takun ƙafa ta cikin ƙasa, yana kuma ganin inuwa, saboda haka kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Sa ido ga ɗan karan nan. In ya yi rawa kaɗan-kaɗan, ɗanɗanawa a ke yi, kada ka ja. In ya nutse ko ya kama tafiya gefe, ɗaga sanda da wuyan hannu, sau ɗaya, ba fizgar da za ta jefa kifi bayan ƙeya ba. In babba ne, bar shi ya gaji, sa'an nan ka jawo shi bakin gaɓa. In rabin awa ta wuce kara bai motsa ba, canja zurfi. In har yanzu shiru, canja wuri.

Bari in ba ku labarin wautata. Ran da na fara kama ƙurungu, murna ta sa na damƙe shi da tafin hannu kamar mai kama ɗan tsako. Ƙayar bayansa ta shige mini nan, ga tabon. Kwana huɗu ban riƙe alƙalami ba. Ƙurungu da tarwaɗa suna da ƙaya a gefe biyu na ƙirji, ƙurungu har da ta baya. A danne su a ƙasa da tsumma, a kama ta bayan ƙayoyin, sa'an nan a cire ƙugiya. Wani kifi kuma mai taushi, mai ƙiba, mai ɗigo-ɗigo, shi ne minjirya. Wuta gare ta kamar lantarki, kada a taɓa ta da hannu, a yanke zare. In ƙugiya ta shige yatsa har haƙorinta ya ɓace, kada a fizgo ta baya, a tafi asibiti a cire, a yi allura.

Na ce ƙafarka kada ta taɓa ruwa, da dalili. Ruwan kwance mai ciyawa shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Ƙwayar cutar ta fata ta ke shiga, kuma da tsakar rana ta fi yawa a ruwa. Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne, cuta ce, tana lalata mafitsara, kuma tana da magani a asibiti. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya je a duba shi. Kada kuma a yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko kusa da shi, don ta nan cutar ke komawa.

In ƙugiya ta maƙale a ƙasa, tsinke zaren ka ɗaura wata. Kada ka shiga cirowa. Bakin dam yaudara gare shi, taku biyu kana idon sawu, na uku ka wuce kai. Manyan hanyoyin ruwan noman rani masu siminti sun fi haɗari, ga santsi ga gudu, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. Kada a zauna a ƙarƙashin ƙofar dam, ana iya sakin ruwa kowane lokaci. Kada yaro ya je shi kaɗai, mai farfaɗiya ma haka. In hadari ya taso, a naɗe a tafi gida.

Akwai wata magana mai nauyi, ku gafarce ni, sai na faɗa. Wasu in sun ga fatsa tana da jinkiri sai su zuba magimfa, ko maganin ƙwarin gona, a gurbi. Na taɓa zuwa wani ƙauye bayan an yi haka. Kifi ya taso fari fat, babba da ƙarami, an kwashe a rana ɗaya. Washegari yara suka kama amai da gudawa, awakin da suka sha ruwan wasu suka mutu, gurbin kuma ya daɗe babu abin da ke motsi a cikinsa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kama kifi da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ko wanke tankin feshi a bakin ruwa kada a yi. Gidan sauro kuma na kwana ne, ba taru ba ne, yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba.

Karfasar da ba ta kai faɗin yatsu uku ba, cire ƙugiya a hankali da jiƙaƙƙen hannu ka mai da ita. Uwar karfasa a baki ta ke goyon ƙwanta da 'ya'yanta, in ka ga haka ita ma a sake ta. Farkon damina, sa'ad da ruwa ya hau ciyawa, tarwaɗa ke fitowa yin ƙwai. Lokacin ne ya kamata a sassauta mata, ga shi kuwa lokacin shuka ne, aiki ya ishe ku.

Abin da ka kama kada ka bar shi a rana. Tarwaɗa tana da dogon rai, tana shaƙar iska, a bokiti da ruwa kaɗan sai ta kai gida da ranta. Karfasa kuwa saurin lalacewa gare ta. A fasa cikinta, a zubar da hanji, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da ɗanyen ganye a inuwa. A dafa kifi ya nuna sosai. In ya fi ƙarfin tukunyar yau, a sa gishiri a yi banda a kan waya, da wuta marar harshe, ana juyawa har ya bushe. Kada a fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don tsoron tsutsa. In an ga alamar laima, a sāke mai da shi kan hayaƙi.

Ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, zan dawo nan gindin tsamiya da zare da ƙugiyoyi. Mai so ya zo da sandarsa da gwangwanin tana, mu koyi ƙullin nan hannu da hannu, sa'an nan mu gangara tare. Na roƙi Sarkin Ruwa ya raka mu, ya kuwa amsa. Mai tambaya yanzu ya ɗaga hannu.