GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI
Lacca ga 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a kan yadda mutanen Birazil suka ƙera jirginsu na sama

Maganarmu ta yau ta jirgin sama ce. Mun sani wani zai ce a ransa, ina ruwan talaka da jirgin sama, mutumin da kuɗin mota ma ke gagararsa? To, ku ba mu hankalinku. Duk jirgin da gwamnati ta saya, da duk filin jirgin da aka shimfiɗa, daga baitulmalin jama'a kuɗin ya fito. Wanda bai taɓa taka matakalar jirgi ba, shi ma ya biya. Wanda ya biya kuwa yana da ikon ya yi tambaya.

Ran 1 ga watan Nuwamba 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga ƙasar Masar. Shekara ɗari ke nan, amma har yau duk jirgin fasinja da ke sauka a filayenmu ƙirar wata ƙasa ce. Waɗansu daga cikinsu kuwa ba daga Ingila ko Amurka suka zo ba, daga Birazil ne, wurin wani kamfani mai suna Embraer. Cikin watan Janairu 2021 kamfanin Air Peace ya karɓi sabon jirgi ƙirarsu. Birazil fa ƙasa ce mai zafi da daji, wadda Turawan Fotugal suka mallaka shekaru aru-aru, wadda ta daɗe tana sayar da kofi da sukari kamar yadda muka daɗe muna sayar da gyaɗa da auduga da ƙiraga. Yaya aka yi suka kai ga haka?

Abu na fari, ba da masana'anta suka soma ba, da makaranta suka soma. Wani hafsan sojan sama, Casimiro Montenegro, shi ya dage sai an kafa makarantar koyon injiniyancin jirgin sama. Aka buɗe ta cikin 1950, aka zaunar da ita a wani gari da ake kira São José dos Campos, aka ɗauko malamai daga waje, har shugabanta na fari Ba'amurke ne. Sai bayan shekara 19 aka kafa kamfanin ƙera jirage. Ku duba wannan haƙuri. Shekara 19 ana yaye injiniyoyi, babu bikin yanke zare, babu hoton minista a gaban jirgi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu na biyu, sun dubi ciwon ƙasarsu kafin su haɗa magani. Birazil ta ninka Nijeriya sau tara a faɗi, kuma yawancinta babu hanyar kirki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sami tsofaffin jiragen soja da araha, masu sauka ko a kan burji, har garuruwa sama da 300 suna ganin jirgi. Da jiragen nan suka tsufa, sai kamfanoni suka koma sayen manya, masu bukatar dogon fili mai kwalta da fasinja da yawa. Ƙananan garuruwa aka watsar da su ɗaya bayan ɗaya, ya zamana kafin 1975 waɗanda jirgi ke zuwa ba su kai 100 ba. Mai haja ya rasa hanyar kai kayansa, majiyyaci ya rasa hanyar zuwa babban asibiti.

Wani ɗalibin makarantar nan, Ozires Silva, wanda ya gama cikin 1962, shi da abokan aikinsa suka ga wannan giɓi. Suka ce manyan kamfanonin duniya sun tafi tseren manyan jirage, sun bar ƙaramin gari ba mai kula da shi, to mu nan za mu shiga. Cikin 1965 suka kama aiki tare da wani gwanin zanen jirage Bafaranshe, Max Holste. Ran 22 ga watan Oktoba 1968 jirginsu na gwaji ya tashi. Suka sa masa suna Bandeirante, watau sunan da ake kiran mutanen da suka riƙa kutsawa cikin dajin ƙasar a zamanin da. Jirgi ne mai farfela biyu, mai ƙarfi, marar tarkace, yana sauka a kan jar ƙasa, makaniki na iya gyaransa a ƙaramin gari. Wanda aka riƙa sayarwa daga baya yana ɗaukar mutum 15 zuwa 21, kamar cikin motar bas guda.

'Yan kasuwa, ga wurin da za ku fi kowa ganewa. Injin jirgin nan ba su suka ƙera shi ba, daga Kanada suka sayo, wurin kamfanin Pratt & Whitney. Na'urori da yawa ma daga waje suka zo. Ba su ji kunyar haka ba. Tela yakan sayi yadi da zare da maɓalli a kasuwa, amma awo da yanka da ɗinki nasa ne, shi ya sa ake kiran riga da sunansa. Abin da mutanen Birazil suka riƙe gam shi ne zanen jirgin, da sanin dalilin kowace ƙusa da ke jikinsa. Mai zane shi ke iya tsawaita jirgi ko ya sāke masa fasali in bukata ta sāke. Wanda aka kawo wa kaya a akwati ya ɗaura, ranar da mai akwati ya daina aikowa, ranar aikinsa ya ƙare.

Abu na uku, sun tanadi mai saye tun kafin kaya su fito. Ran 19 ga watan Agusta 1969 aka kafa Embraer, gwamnati ce mai rinjayen hannun jari, Ozires Silva ne shugaba. Sojan sama suka yi odar Bandeirante guda 80. Aka kuma yi doka cewa kowane kamfani a ƙasar yana iya cire kashi 1 cikin 100 na harajin da zai biya ya sayi hannun jarin Embraer da shi. Domin ma'aikata su koyi fitar da jirage masu yawa iri ɗaya, aka ɗauko iznin ƙera wani jirgin soja na Italiya, suka yi ta ƙerawa tun daga 1971. Cikin 1973 Bandeirante ya fara ɗaukar fasinja. Cikin 1975 aka raba ƙasar kashi biyar, kowane kashi aka ba wani ƙaramin kamfani ya riƙa kai jirgi ƙananan garuruwa, aka ɗora kashi 3 cikin 100 a kan tikitin manyan hanyoyi domin a tallafa musu. Watau mai hali da ke tafiya tsakanin manyan birane shi ya riƙa taimakon mutumin ƙauye. Cikin 1978 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba jirgin takardar shaida, kamfanonin Amurka da na Turai suka shiga saye. Kafin a daina ƙera shi cikin 1990 an yi wajen guda 500.

Ba mu ɓoye muku ba, Birazil tana hannun soja ne daga 1964 zuwa 1985, mulki mai kama mutane da toshe bakin jarida. Ba mu yabon wannan, ba kuma za mu taɓa yabonsa ba. Amma ku lura, makarantar ta girmi mulkin sojan da shekara 14, kuma ita da kamfanin suna nan bayan sojan sun koma bariki.

Kada kuma ku zaci tafiyar ba tuntuɓe. Bayan sun yi wani jirgi mai ɗaukar mutum 30 cikin 1983, ya karɓu, sai suka haɗa kai da Ajantina suka zana wani ƙarami mai ɗaukar mutum 19, suka cika shi da kayan zamani masu tsada. Ya tashi cikin 1990, kowa ya yaba kyansa, ba wanda ya saya. Kun san wannan a kasuwa: kaya kome kyansa, in ya fi ƙarfin aljihun masu saye, ƙura zai sha a rumfa. Bashi ya taru, aka sallami dubban ma'aikata, cikin Disamba 1994 aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe wani hannun jari na musamman mai ba ta ikon hana waɗansu manyan shawarwari. Abin da ya cece su shi ne injiniyoyin nan. Cikin 1995 jirginsu mai ɗaukar mutum 50 ya tashi, shi da danginsa aka ƙera fiye da 1,000.

Yanzu bari mu ƙetare teku zuwa Indunusiya, domin mu ga ɗaya fuskar al'amarin. Ita ma ƙasa ce mai bukatar ƙananan jirage, don tsibirai ce fiye da 17,000. Tana da gwanin injiniya, B. J. Habibie, wanda ya yi karatu da aiki a Jamus, ya zama ministan binciken kimiyya. Cikin 1976 aka kafa masana'antar jirage a birnin Bandung, suka ƙera jirgi tare da mutanen Sifen, ya tashi cikin 1983. Sa'an nan suka tasam ma nasu na kansu, N-250, mai ɗaukar mutum 50, cike da na'urorin zamani. Ya tashi ran 10 ga watan Agusta 1995, ƙasa duka ta yi murna. Amma ina kuɗin ke fitowa? Cikin 1994 shugaban ƙasa Suharto ya ba da umurni aka ɗebi rupiya biliyan 400 daga asusun da aka ware domin dashen itatuwa aka ba masana'antar. Aikin yana tsaye ne a kan ikon mutum ɗaya. Da kuɗin ƙasar ya karye, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sa sharaɗi cikin 1998 cewa a daina zuba kuɗin gwamnati a ciki. N-250 bai sami takardar shaida ba, bai taɓa ɗaukar fasinja mai tikiti ba, dubban ma'aikata suka rasa aiki, gwanaye da yawa suka watse ƙasashen waje. Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Da suka dawo, sai suka dawo ta ƙaramar ƙofa: N-219, mai ɗaukar mutum 19, na sauka a gajeren fili. Ya tashi cikin 2017, ya sami takardar shaidar ƙasarsu a ƙarshen 2020.

To, mu fa? Ba za a ce ba mu taɓa gwadawa ba. Muna da makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya tun 1964, tana yaye matuƙa da masu gyara. A Kaduna an harhaɗa wani ƙaramin jirgi mai suna Air Beetle, wanda ya fara tashi cikin 1989, wajen guda 60, bisa zanen wani jirgin Amurka, domin koya wa sojan sama tuƙi. Hannun 'ya'yanmu ne ya ɗaura su, wannan ya isa shaida cewa ba basira muka rasa ba. Amma ba a ɗora jirgin fasinja a kan wannan harsashi ba. Kamfanin jiragen ƙasa baki ɗaya, Nigeria Airways, wanda zai iya zama mai saye na fari, an rushe shi cikin 2003. Muka koma gidan jiya, watau sari ka ba ni.

Saboda haka, 'yan'uwa, ranar da wani mai neman ƙuri'a ya hau mumbari ya ce zai ƙera mana jirgin sama, kada mu yi masa ihu, kada kuma mu yi masa tafi. Mu yi masa tambaya huɗu. Ta fari, ina makarantar, kuma ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa zai shiga ta da jarrabawa, ko sai mai uwa a gindin murhu? Ta biyu, wane irin jirgi ne, na kai manya hutawa ne, ko na kai mai haja da majiyyaci da magani garuruwan da mota ke kwana a hanya kafin ta isa? Ta uku, wa zai saya, da nawa, kuma zanen na wane ne? Ta huɗu, daga wane asusu kuɗin zai fito, kuma za a karanta lissafinsa a gaban Majalisa kowace shekara, kowa ya ji?

In ya amsa huɗun nan dalla-dalla, mu ba shi goyon baya ko da ba ɗan jam'iyyarmu ba ne, domin aikin shekara ashirin ya fi ƙarfin gwamnati ɗaya. In kuwa ya shiga kame-kame, mu gane kuɗinmu ake so a yi biki da shi.

Ku kuma iyaye, akwai abin da ke hannunku tun yau. Yaron nan da ke haɗa mota da karan dawa da gwangwani, da yarinyar nan da ba a kada ta a lissafi, kada a cire su daga makaranta domin talla ko jiran rumfa. Waɗanda suka ƙera Bandeirante ma a aji suka fara zama, da alli da allo. Ku kai wannan magana unguwanninku da kasuwanninku, ku faɗa wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙin talakawa, ya sa albarka a cinikinku, ya mai da kowa gidansa lafiya.