MASARA TANA DA ABOKIYAR AIKI A CIKIN ƘASA

 

Yau maganar masara za mu yi. Kowane manomi ya taɓa ganin masarar da ta yi sati uku ko huɗu ta ƙi tashi, gefen ganyenta ya koma shuni-shuni. Sai mutum ya ruga kasuwar Sabon Gari ya sayo yuriya ya zuba. Kuɗi sun tafi, masara tana nan yadda take. Sau da yawa abin da ta rasa fosfaras ne, wato sinadarin da ke cikin takin supa. A buhun kamfa mai rubutun 15-15-15, shi ne lambar tsakiya. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku riƙa duba buhu kafin ku biya.

Ƙasarmu ta nan Zazzau tana da ƙarancin fosfaras. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fara a 1922, sun daɗe da sanin haka. Kuma shi fosfaras ba ya bin ruwa ya iske saiwa. Inda ya faɗi, kusan nan yake zama.

To, Allah da ikonsa, akwai wata fumfuna mai amfani a cikin ƙasa, dangin naman kaza. Masana suna kiranta maikoraiza. Ido ba ya ganinta. Takan shiga saiwar masara, ta miƙa zare siriri, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, zuwa inda saiwa ba ta kai. Ta kwaso fosfaras ta ba masara, masara ta biya ta da sukari. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

Ga abin mamaki. In masara ta rasa fosfaras, saiwarta takan fitar da wani sinadari don kiran wannan fumfuna. Masana a Japan suka gano haka a 2005. Amma wannan kiran ne kuma yake tayar da irin wuta-wuta daga barci. Shi ya sa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji.

Zaren nan yana yankewa in an cika birkice ƙasa da garma. Gonar da aka bari fayau, ba ko ciyawa, fumfunarta takan ragu. Wake, gyaɗa da waken suya suna riƙe ta, saboda haka a riƙa sauya su da masara. Kabeji kuwa ba ya hulɗa da ita, masu lambu ku lura.

In supa ya yi yawa ma, masara takan rage hulɗa da ita. A sa gwargwado, tare da takin gida. A binne shi lokacin shuka, tazarar yatsu uku daga irin, kada a watsa shi a bisa kunya.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.