Jawabin Shugabar Mata: Darasin Hadiza Bala Usman ga matan ƙasar Zuru

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu a Zuru da Fakai da Danko/Wasagu da Sakaba, Musulminmu da Kiristocinmu, ina gaishe ku da fatan kowa ta tashi lafiya da iyalinta.

Maganar yau a kan makaranta ce da wayar da ke hannunmu. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021, aka kuma maimaita a makarantar 'yan mata ta Maga a watan Nuwamba 2025, iyaye da yawa sun karaya. Wasu na cewa gara yarinya ta zauna a gida a yi mata aure. Tsoron nan gaskiya ne, babu uwar da za a ga laifinta. Amma kafin mu yanke hukunci, ku saurari labarin wata 'yar Arewa.

Hajiya Hadiza Bala Usman an haife ta a Zariya a 1976, 'yar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ce, malamin tarihi. Ta karanci harkokin kasuwanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ta ƙaro digiri na biyu a Jami'ar Leeds ta Ingila. A 2011 ta nemi kujerar majalisar wakilai ta Musawa da Matazu a jihar Katsina, ta faɗi. Ku riƙe wannan fa, ta faɗi zaɓe, amma ba ta koma ɗaki ta rufe ƙofa ba.

A watan Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Ita da su Oby Ezekwesili da wasu mata suka fito titin Abuja da jajayen kaya, suka kafa fafutukar Bring Back Our Girls. Abin da ya kai kukan nan duniya shi ne intanet. Ta Twitter da Facebook maganar ta bazu, har matar shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga kwali tana neman a dawo da yaran. Daga nan babu yadda za a yi a danne zancen.

A 2016 aka naɗa ta shugabar hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya, mace ta farko a kujerar. A zamaninta hukumar ta haɗa kai da ƙungiyar BudgIT domin a buɗe wa jama'a kasafin kuɗinta. A farkon 2021 kuma aka fito da manhajar Eto, wadda direban tirela zai yi rajista a waya kafin a ba shi lokacin shiga tashar Apapa a Legas, saboda a rage cunkoso da karɓar na goro a hanya. Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba, a watan Mayu 2021 an dakatar da ita daga aikin. Sai ga shi a 2023 an naɗa ta mai ba shugaban ƙasa shawara kan daidaita manufofin gwamnati, a 2024 ofishinta ya ƙaddamar da manhajar da ɗan ƙasa zai duba alƙawuran ministoci ya faɗi abin da ya gani a yankinsa.

To me ya haɗa mu da wannan? Matar nan abu uku ta haɗa: ta san yadda takardar gwamnati ke tafiya, ta san amfanin na'ura, kuma ba ta bar jama'a ba. Mu a nan Zuru muna da na ukun, wallahi babu wanda ya kai mu tara jama'a ranar gangami. Na farko da na biyu ne muka bar wa maza. Shi ya sa ake kiranmu lokacin guɗa da rabon atamfa, ranar rubuta kasafi kuwa babu mai nemanmu.

Wata za ta ce ai ita 'yar babban gida ce. Haka ne, ta samu gatan da yawancinmu ba mu samu ba. Sai dai ƙofofin da ke buɗe yau sun fi na lokacinta yawa. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan cikin Zuru. Ga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023 domin koya wa matasa sana'o'in kwamfuta, ta intanet ake nema. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayanin aiki, kuma ta ce a ba da amsa cikin kwana 7.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Na ɗaya, kowace shugabar mazaɓa ta nemo mana 'yan mata biyu da suka gama sakandare kuma suka iya waya, da iznin iyayensu ko mazajensu, ta turo sunayensu wurin sakatariya. Na biyu, su zagaya makarantun mazaɓarsu su rubuta: akwai katanga? Akwai maigadi? Akwai sabis na waya idan wani abu ya taso da dare? A ɗauki hoto, a sa rana da sunan wuri. Na uku, za mu haɗa wannan a takarda ɗaya mu kai wa kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisarmu, mu karɓi shaidar cewa sun karɓa, mu koma mu tambaya. Ko ɗan jam'iyyarmu ne ke kan kujera, tambayarsa ba rashin biyayya ba ce, ƙuri'armu ce ta kai shi.

Sannan don Allah a daina tura jita-jita a guruf. Hoton da ba ki san inda aka ɗauka ba, kada ki tura. Ƙarya ɗaya tana iya zubar da mutuncin aikin gaba ɗaya, ta kuma jefa gari cikin firgici.

Iyaye, kada mu cire yaran nan daga makaranta. Mu matsa a tsare makarantar, da hujja a hannu. Yarinyar da ta fara da rubuta rahoton katangar makarantar ƙauyensu, ita ce gobe za ta zauna a teburin da ake raba kuɗin tsaron makarantu.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya zaunar da ƙasar Zuru da jihar Kebbi lafiya. A tura wa sauran mata, wadda ba ta iya karatu a karanta mata.